Cin Abinci a Rumfunan Dawanau

Jama'a, in magariba ta yi a kasuwar Dawanau, a kan hanyar Katsina, sai ka tarar rumfunan abinci sun cika maƙil. Ga tuwo da miyar taushe, ga mai tsire yana fifita wuta, an kewaye teburin mai shayi ana gardamar kuɗin riɗi da wake. Giya kuwa ba a ganinta a fili, tun da Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000.

Waɗansu almajirai sun ce mai mutunci ba ya zama a nan, domin malaman fiƙihu sun lissafa ci a kasuwa cikin abin da ke zubar da muru'a, har ya raunana shaidar mutum gaban alƙali. Haka ne, amma ai baƙo yana da uzuri. Tun da aka kafa kasuwar nan a 1985, baƙi ba su yanke mata ba, na Maraɗi, na Cadi, na Kamaru. A da falke yakan sauka gidan fatoma, a kai masa akushi har ɗaki. Yau direba sai ya kwana uku yana jiran lodi, wa ya aika masa da ƙwarya?

Abin tsawatarwa shi ne ruwan wanke kwano. Mun ga rumfar da ake tsoma kwanuka cikin daro ɗaya tun azahar har lisha, ga kwata a gefe, alhali damina lokacin amai da gudawa ce. Muna roƙon shugabannin kasuwa su kai ruwa layin masu abinci, su sa duba-gari ya riƙa zagawa.