Wakili Muka Zaɓa Ko Mai Rabon Shinkafa?

Maƙalar wannan makon za ta yi wa wasunmu zafi, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kwanan baya na je ƙauyenmu ta'aziyya. Ana zaune a ƙofar gida bayan la'asar, sai hira ta faɗo kan ɗan majalisar tarayya mai wakiltar mazaɓarmu. Wani dattijo ya ce, "Ai yaron kirki ne, da azumi ya aiko mana shinkafa." Na ce, "Baba, ko an taɓa jin ya tayar da maganar hanyarmu da ruwa ke yankewa duk damina a zauren majalisa?" Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, maganar Abuja ake ci?"

Ban ga laifin Baba ba. Wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin kaka, buhu yake gani, ba ƙudiri ba. Laifin namu ne, mu masu alƙalami.

Mu fara da yadda aka raba kujerun. Majalisar Wakilai tana da kujeru 360, Jihar Kano tana da 24 a ciki. Fagge, Dala da Tarauni kowacce tana da wakilinta ita kaɗai. Amma Rano, Bunkure da Kibiya wakili ɗaya gare su, haka Gaya, Ajingi da Albasu, haka Kura, Madobi da Garun Malam. Na san da yawan jama'a aka yi lissafin. Sai dai hakan yana nufin mutumin karkara yana raba wakilinsa da ɗaruruwan ƙauyukan da ba su san juna ba. Kuma tun 1996, zamanin mulkin soja, aka shata waɗannan mazaɓu, alhali sashe na 73 na kundin tsarin mulki ya ɗora wa INEC alhakin sake duba su. Wa ya taɓa rubuta wa manomi wannan da Hausa?

Aikin wakili uku ne: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da bin diddigin yadda ma'aikatu ke kashe kuɗin jama'a. Rabon shinkafa ba ya ciki. Hatta rijiyar burtsatsen da ake kafa wa allo da hoton Honorabul, in aikin mazaɓa ce, daga kasafin kuɗin ƙasa ta fito, wata ma'aikata ce ta bayar da kwangilar. Kuɗin Baba ne aka yi masa aiki da shi, sannan aka sa shi godiya. Da komai yana tafiya daidai, da hukumar ICPC ba ta fara bin sawun waɗannan ayyuka ba a 2019.

Za a ce ai akwai kiranye. Akwai, a sashe na 69. Amma sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓar sun sa hannu, an tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada a Kogi ta Yamma a 2018, abin bai kai labari ba. To makamin da ya rage wa ɗan karkara shi ne ƙuri'arsa, ita kuwa ƙuri'a in ba sani, taliya da sabulu ke saye ta.

Mu kuma me muke yi? Ku leƙa shafukan wasunmu a Facebook. "Mai girma ya gwangwaje matasa da babura." "Jagora ya share hawayen zawarawa da keken ɗinki." Hausa mai daɗi, an tsara ta tsaf, ladan kuwa kuɗin data. A littattafanmu ma haka ne: jarumi ɗan sanata ne mai gida a Maitama, baƙauye kuwa ko mai gadi ko abin dariya. Mun ari bakin ɗan siyasa muna ci masa albasa, mun bar iyayenmu ba mai faɗa musu haƙƙinsu.

Wani zai ce marubuci ma yana cin abinci. Gaskiya ne, ni ma ban fi ƙarfin kuɗin data ba. Amma in yabo kake sayarwa, ka kira kanka maroƙi, sana'a ce mai asali. Kada ka fake da sunan marubuci.

Ga ƙalubalena. Kowa ya nemo sunan mazaɓarsa da na wakilinsa. Ya binciko aikin da aka sa wa yankinsa a kasafin kuɗin bana, ya je ya gani da idonsa ko an yi. Ya rubuta abin da ya tarar cikin Hausa mai sauƙi, ba zagi ba ƙazafi, ya karanta shi da murya ya tura wa 'yan garinsu ta WhatsApp, domin wanda bai iya karatu ba ya ji. In an yi aikin a ce an yi, in ba a yi ba a tambayi dalili.

Ni zan fara da hanyar ƙauyenmu. Wanda yake ganin na yi kuskure, ga fili ga mai doki.