Kaka ta shigo Ayar, a kare namun dajin da suka rage

Damina ta ja baya, shamuwa ta kama hanyar kudu, ciyawa ta fara bushewa a duwatsun Ayar na jihar Agadez. Daga Satumba barewa da ragon dutse kan gangaro ƙoramu neman sauran ɗanyen ganye, kuma nan ne mafarauta ke yi musu kwanton ɓauna.

Gandun Ayar da Tenere ya shiga kundin UNESCO a 1991, tun 1992 kuma yana jerin wuraren da ke cikin haɗari. Jimina ta riga ta ɓace daga dajin. Wajibi ne hukuma ta wadata jami'an gandun daji da motoci da mai tun yanzu, mutanen birni kuma su daina sayen naman daji. In babu mai saye, maharbi zai rataye bindiga.