A Ƙirga Mu Kafin A Sake Gina Wata Gadar

Ku yi haƙuri, wannan makon ba za ku ga cigaban labarinmu ba, wata magana ce ta tsaya mini a rai, idan ban amayar da ita ba alƙalamina ba zai yi gaba ba.

Kwanakin baya muna cikin adaidaita sahu ni da wani abokina marubuci, za mu kai littafi Sabon Gari, sai go-sulo ya riƙe mu a wata mahaɗa. Can gefen titi muka hango samari uku cikin rana, kowa da takarda a hannu, duk abin hawan da ya wuce sai su ɗiga masa alama. Abokin nawa ya yi tsaki ya ce, "Malam, dubi aikin banza, harara a duhu. Wa bai san an yi cunkoso a nan ba? A yi mana gada kawai a huta." Direba ya ce wallahi kuwa Alhaji. Ni dai na yi shiru a lokacin, amma yau ga amsata, kuma ba shi kaɗai nake ba wa ba, domin ra'ayin nan nasa shi ne na mafi yawanmu Kanawa.

Mun ga gadoji. Daga 2011 zuwa 2015 Kwankwaso ya yi ta Ƙofar Nassarawa da ta ƙasa a Kabuga. Ganduje ya zo ya yi ta Dangi da ta Hotoro. Gwamnatin da ta hau a 2023 ita ma ta ɗauko ta Tal'udu da ta Ɗan Agundi. Ban ce ba su yi amfani ba, wanda ya san waɗannan wurare a da ba zai yi butulci ba. To amma fa a gaya wa juna gaskiya: ka hau gada ka yi fiii kamar tsuntsu, kana sauka ka tarar da cunkoson yana jiranka a gaba. Gadar ta kwaso motocin ne ta juye su a mahaɗa ta gaba da sauri fiye da da. Wanda zai shiga Kantin Kwari ko Singa ko 'Yan Kura da hantsi ya san abin da nake faɗa.

Su masana harkar zirga-zirga sun daɗe da gano wannan. Tun a 1968 wani Bajamushe masanin lissafi, Dietrich Braess, ya nuna cewa ana iya ƙara sabuwar hanya a gari, tafiyar kowa ta ƙara tsawo, saboda kowane direba kansa ya sani, duk sai a yi ca a kan hanyar da ake ganin ta fi sauri. A 2011 wasu masana biyu, Duranton da Turner, suka bi lissafin biranen Amurka na shekaru, suka tarar gwargwadon yadda aka ƙara tituna, kusan gwargwadon haka tuƙin mota yake ƙaruwa. Dalilin ba boyayye ba ne. Hanya ta yi daɗi, wanda yake shiga haya sai ya sayi mota, wanda yake zaune a Fagge sai ya yi gini a bayan gari ya riƙa shigowa kullum. A birnin Hustan na Amurka an faɗaɗa babban titin Katy aka gama a 2008, ya zama cikin mafi faɗi a duniya, ba a yi shekaru da yawa ba cunkoso ya dawo. Can kuma a Seoul ta Koriya ta Kudu, a 2003 magajin garin, Lee Myung-bak, rushe wata doguwar gadar sama ya yi, ya farfaɗo da rafin da aka binne a ƙarƙashinta, aka gyara tsarin motocin bas. Garin bai tsaya cik ba, shi kuwa a 2008 ya zama shugaban ƙasa. A nan wa zai yi wannan kasada ya sake neman ƙuri'a?

Wani abin da zai ba ka mamaki, ya kai mai karatu, go-sulo ba ya ma buƙatar rami ko hatsari. Wasu masana a Japan sun sa motoci 22 a wani fili mai zagaye, suka ce kowa ya yi tafiya da gudu iri ɗaya, aka buga sakamakon a 2008. Ba danja, ba shingen kowa, amma jim kaɗan sai ga cunkoso ya haɗu da kansa. Ɗaya ya ɗan taka birki, na bayansa ya taka fiye da shi, na uku ya tsaya cak. To idan haka ta faru ga direbobi masu bin umarni, ina ga titin da ɗan adaidaita yake cin birki duk inda aka ɗaga masa hannu, mai kura yana tsakiya, mai lemo ya baza tire a hannun da mota za ta bi?

Wannan ita ce fa'idar aikin samarin nan. Ƙirga motoci ma somin-taɓi ne. Babban aikin shi ne a bi gida-gida ana tambaya: jiya ina ka je, daga ina ka tashi, ƙarfe nawa, me ka hau, nawa ka biya, me ya kai ka? Tun shekarun 1950 biranen Detroit da Shikago suka yi irin wannan binciken. Yanzu ma har wayar da ke aljihunka tana taimakawa, ita ce take sa Google Maps ya shafa wa titi ja idan ya cushe. Da wannan ƙididdiga ake sanin mutum nawa ke fitowa daga Kurna da Rijiyar Lemo da safe, ina suka nufa, da lokacin da manyan motocin Dawanau suke haɗuwa da su. Likita ba ya yanka mutum sai ya auna shi, don me za a yanka gari ba awo?

Dubi abin da ya faru a Janairun 2013. Bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, Allah ya jiƙansa, aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni. Babura sun tafi, amma buƙatar zuwa kasuwa da asibiti da makaranta tana nan daram. Adaidaita sahu, wanda aka kawo zamanin Shekarau musamman don mata, shi ya cike gurbin, ya mamaye ko'ina. Yi lissafi da kanka: mutum 60 bas ɗaya babba ta ishe su, amma a uku-uku sai adaidaita 20, kowane da birkinsa da inda zai tsaya. Legas ta buɗe layin bas na musamman a 2008, daga Mil 12 zuwa CMS. Mu kuwa sai kankare a sama.

Su ma injiniyoyin ina da magana da su, kada su ce na zo yi musu fadanci. Idan mota kawai za ku ƙirga, amsar da za ta fito kullum ita ce a ƙara wa mota wuri, alhali mai mota shi ne 'yan tsiraru a garin nan. A ƙirga tsohuwar da ke tsaye minti goma tana tsoron tsallaka titi, da yarinyar da ke tafiya Islamiyya, da matar da za ta awo da goyo a baya, da leburan da ya koma takawa a ƙasa tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Wanda ya fasa fita saboda kuɗin mota ba ya bayyana a takardar mai ƙirga a bakin titi, sai an je gidansa.

Mu ma marubuta da laifinmu. Jarumin littafinmu kullum yana cikin tsaleliyar mota mai raɓa, daga Nassarawa zuwa gidan su budurwa a sakin layi ɗaya, bai taɓa maƙalewa a Bata ba. Ni kaina na rubuta irin wannan ya fi a ƙirga. Mun koya wa makaranta cewa arziki shi ne mota, cigaba shi ne gada.

Abin da nake nema ba shi da wuya. Duk gadar da za a kashe wa biliyoyin jama'a, a fito da ƙididdigar da aka dogara da ita, a fassara da Hausa, a karanta a rediyo: mutum nawa ke bin wurin, minti nawa suke ɓatawa, minti nawa ake sa ran za a rage, kuma da kuɗin nan bas nawa za a saya. Bayan shekara biyu da buɗewa a mayar da samarin nan wurin da takardunsu su sake ƙirgawa, a gaya mana abin da suka samu.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.