Ruwan Da Ake Tsinka Fentin Mai Da Shi

Tun daga ran 29 ga watan Mayu 2023, da Gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur, sa'an nan cikin watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, duk kayan da ake tacewa daga ɗanyen mai, ko ake shigo da su daga ƙetare, suka yi tsada. Cikinsu akwai wanda ba a cika zancensa ba, watau ruwan nan mai ƙarfin wari da ake tsinka fentin mai da shi, wanda 'yan kasuwa ke kira tina.

Shi fentin mai abu uku ne a haɗe: garin launi, da man da ke riƙe launin, da ruwan da ke sa su tsinke har burushi ya iya jan su. Idan an shafa, man yana daskarewa ne saboda iskar da ke ratsa shi, amma ruwan tsinkawa ba ya zama a jikin ƙofa ko bango. Dukkansa tashi yake yi, ya shiga iskar ɗaki, daga nan sai huhun wanda ke ciki. A da, Turawa daga ƙaron itacen fain suke dafo shi, suna ce masa tafentin. Daga baya aka koma ga wanda ake tacewa daga ɗanyen mai, domin ya fi araha.

To, da kaya suka yi tsada, mai fentin da aka yi jinga da shi ba ya ƙara kuɗi daga aljihunsa. Sai ya zuba kananzir ko fetur a gwangwani, ya dama, aiki ya tafi. Kananzir jinkirin bushewa yake jawowa, wannan hasarar mai gida ce. Amma fetur sha'aninsa dabam ne, gama akwai sinadarin benzin a cikinsa, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini.

Ko tinar ta ainihi ba lafiya ba ce. Cikin shekarun 1970 likitocin ƙasar Danmak da maƙwabtanta suka lura da masu fentin da suka daɗe a sana'ar, suna fama da mantuwa, da ciwon kai, da saurin fushi, da kasala, har aka yarda cewa cuta ce ta aiki wadda ake biyan diyya a kanta. A 1985 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara masana a birnin Kofanhegan a kan wannan al'amari. A 1989 kuma reshenta mai binciken sankara, wanda ke Liyon ta ƙasar Faransa, ya sa sana'ar fenti cikin ayyukan da ke jawo sankara. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2004 ta rage yawan irin wannan ruwa a fentin gidaje, aka fara aiki da ita a 2007, aka ƙara tsanantawa a 2010. Shi ya sa fentin ruwa ya rinjaya a can, har a kan katako.

Ga attajirai kuwa, babban abin tsoro wuta ce. Tafentin da tina suna fitar da tururin da ke kama wuta tun zafi bai kai digiri 40 ba, alhali a watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maraɗi yakan wuce haka, balle cikin rumfar kwano. Tururin ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama, ƙasa yake bi, ya malala ta ƙarƙashin ƙofa har ya iske murhun mai shayi. Tsumman da aka goge fentin mai da shi ma, in an dunƙule an jefa a lungu, yana iya ɗaukar zafi ya kama da kansa. Wanda ya ajiye galan goma kusa da injin wuta, dukiyar maƙwabtansa ya sa a caca tare da tasa.

Malamai sun san fentin da ya bushe a fata yana hana ruwan alwala isa gare ta, don haka mai fenti ke dirje hannunsa da fetur kafin kowace salla. Niyyar ta yi kyau, amma fetur yana ratsa fata, yana tsattsaga ta. Man gyaɗa yana narkar da fentin mai, a bi shi da sabulu, fata ta fita tas. Akwai kuma yaran da ke sayen tina don shaƙa, kamar yadda ake shaƙar sholisho, kuma mai rumfa ya fi kowa sanin wanda ya zo saye ba da burushi a hannu ba.

Mafi muni shi ne sayar da ita tsiyaye cikin gorar ruwan sha, ba alama ba rubutu, ga ta fara kamar ruwa. Idan yaro ya kurɓa, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin ɗigo kaɗan in ya sarƙe ya shiga huhu shi ke kisa. A cire masa rigar da ta jiƙe, a kai shi asibiti nan da nan, tare da gorar da ya sha.