Sanƙarau, Masu Bincike da Harshen Jama'a

Tun kafin likitan Faransa Lapeyssonnie ya zana taswirar yankin sanƙarau a 1963, wato zirin ƙasar da ya tashi daga Senigal ya dangana da Habasha, Bahaushe ya san lokacin wannan ciwo. Ya san da rani yake zuwa, ya tsananta da bazara, ruwan farko kuwa na sauka sai ya lafa. Sunan ma da ya raɗa masa daga sanƙarewar wuya ya samo shi. Abin da masu binciken annoba suka ƙara shi ne ƙidaya da gano dalili. Aikin da Brian Greenwood da abokansa suka yi a Zariya a shekarun 1970 yana cikin waɗanda suka danganta ɓarkewar ciwon da bushewar iska da ƙura, an kuma tabbatar cewa mutum lafiyayye kan ɗauki ƙwayar cutar a maƙogwaronsa ya raba wa na kusa da shi, musamman inda ake kwana a cunkushe.

Wannan ilimi ya yi rana, ba mai musu. A 1996 fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka rasu. Allurar MenAfriVac da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, a Nijeriya kuma a 2011, ta kusan kawar da nau'in A, wanda shi ne ya yi waccan ɓarna.

To, amma a nawa ganin akwai giɓin da ba likita ne zai cike shi ba. Mai binciken annoba da tambaya yake aiki: wa ya kamu, yaushe, da wa ya kwana? Amsar kuwa da Hausa take zuwa, yardar iyaye ma da Hausa ake nemanta. A cikin annobar 1996 ɗin ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara kimanin 200, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a fayyace musu cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Ko ma yaya gaskiyar take, zargin ya zauna a zukata, yana kuma cikin abubuwan da aka riƙa ambatawa sa'ad da aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A nan ne nake ganin mu ɗaliban Hausa muka yi sakaci. Muna ta nazarin tsarin sauti da salon waƙa, ba laifi, alhali kalma ɗaya, “ƙwayar cuta”, ita muke ɗora wa halittu iri-iri da maganinsu ya sha bamban. A 2017 nau'in C ne ya ɓarke daga Zamfara ya kashe fiye da mutum 1,000, allurar nau'in A kuwa ba ta kare mutum daga C. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasar farko da ta yi amfani da allurar Men5CV mai tare nau'i 5. Da wace Hausa ma'aikacin lafiya zai tsaya a zauren mai unguwa ya gaya wa uban da aka yi wa ɗansa waccan allura, sanƙarau ya kuma ɗauke shi, cewa ya miƙo ƙanen a yi masa wannan?