Raddi Ga Masu Cewa Doguwar Riga Gadon Kurfayawa Ce

Akwai maganar da ake yawo da ita a Filinge, garin Kurfayawa, wai tun zuwan Musulunci ƙasar Hausa doguwar riga ce suturar mata, zani kuwa Nasara ya kawo. Mai son abaya ya saya wa iyalinsa, ba wanda ya hana shi. Amma kada a yi wa tarihi ƙage.

Hujjarsu ta farko ita ce Wangarawa sun shigo Kano zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, don haka tufafin Larabawa sun biyo su. To, a 1352 Ibn Battuta ya sauka Walata, garin malamai da alƙalai, ya rubuta cewa matan garin suna kiyaye salla amma ba sa rufe fuska, abin har ya ɓata masa rai. Idan Musulmin Walata ba su ɗauki suturar gabas ba a lokacin, da wane dalili za a ɗora wa matan Dallol Bosso, inda Filinge take?

Ta biyu, wai zani ɗan Turai ne. A nan sun haɗa zani da atamfa. Atamfa kam baƙuwa ce, daga masaƙun Holan da Ingila. Zani kuwa mata ke kaɗa zarensa da mazari, masaƙi ya fitar da ƙyalle siriri kamar faɗin tafin hannu, a jera a ɗinke gefe da gefe, a kai marina, a buga da shuni har ya yi ƙyalli. Irin wannan saƙa an tono ta a kogunan Bandiyagara, ta ƙarni na 11. Matafiyi Bature Barth ma da ya zo Kano a 1851 ya lissafa turkuɗi, zanen mata, cikin hajar da fatake ke kaiwa har Tumbutu. Baƙin yadin Kura da Buzayen Imanan da Tagazar ke ƙauna daga wannan sana'a ya fito. Riga kuwa, mai wuya da aska, ta maza ce.

Ta uku, sun ce to kenan kakanninmu tsirara suke yawo. Wa ya faɗa? Mace ta yi ɗaurin ƙirji, ta ɗora gyauto, ta ɗaura kallabi, ta yafa mayafi in za ta unguwa. Hijabi ɗinkakke da abaya sun yaɗu ne bayan yawaitar zuwa hajji ta jirgin sama da kafa Izala a Jos a 1978, tsofaffin Filinge da idonsu suka ga shigowarsu kasuwa.