Hawainiya a Lambun Gida: Kafin Ka Ɗauko Sanda

A makon jiya, a wani gida da ke bayan garin Kaduna, yara suka ruga ciki suna ihu wai sun ga hawainiya a kan reshen zogale. Kafin ka ce kwabo, har an ɗauko taɓarya. Uwar gidan ce ta hana. Shekara uku tana renon lambun nan, da rama da tumatir da zogale, ba ta taɓa fesa masa maganin ƙwari ba. Ta yi daidai, kuma ya kamata mu koyi darasi daga gare ta.

Hawainiya ba ta da dafi. Cimarta fara da ƙuda da sauran ƙwarin da ke cinye ganye, tana kamo su da harshenta wanda ya fi jikinta tsawo. Hausawa kan ce "hawainiyarka ta kiyayi ramata", amma a zahiri ba ta cin rama, ƙwarin da ke ɓata ramar take ci. Ganinta a lambu alama ce cewa wurin yana da rai.

Amma mafakarta sai raguwa take yi. A sababbin unguwanni, ana sare bishiya a malale tsakar gida da siminti tun daga ƙofa har bango. Maganin feshi yana kashe abincinta. Ana kuma kama ta don haɗa maganin gargajiya, ko a fitar da ita ƙasashen waje don kiwo, shi ya sa yarjejeniyar CITES ta sa ido kan cinikinta.

Tsoron mutane yana da tushe. Kububuwa da kasa da gamsheƙa suna kisa, kuma asibitin Kaltungo a jihar Gombe shaida ne kan ɓarnar saran maciji. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Wanda ya ga maciji a gida ya janye yara, kada ya taɓa shi, ya kira wanda ya san aikin. Idan an yi sara, a garzaya asibiti.

Sai dai tsoron maciji ba hujja ba ce ta hallaka duk wata halitta mai rarrafe. Hawainiya da ƙadangare da kunkuru sun riga gidajenmu zuwa waɗannan filaye. Iyaye da malamai su koya wa yara bambance mai cutarwa da mai amfani. Masu gini su bar ko da bishiya ɗaya da ɗan fili marar siminti.

Idan ka yi irin wannan baƙuwa, ka ajiye sanda, ka ɗauke ta hoto da wayarka, ka bar ta ta ci gaba da yi maka gadin lambu.